Sun buɗe wani reshe a gefen shagona, wai takarda ta ba su dama

Saƙon wannan satin daga wata baiwar Allah ne a nan cikin garin Katsina, na ɗan taƙaita shi kuma na cire sunan kamfanin.

"Assalamu alaikum Anti Barista, dan Allah ki ba ni shawara kaina ya kulle. Shekara biyu ke nan na haɗa kuɗin gadona da na adashi na karɓi faranchayis na wani kamfanin yogot da fura na Kano, ni na kama shago a titin IBB na yi fenti da kalarsu na kafa allon sunansu na sayi firiza uku da sola, su suna kawo kaya ina saidawa ina ba su kasonsu duk wata. Alhamdulillah kasuwa ta buɗe. Gab da azumin da ya wuce suka ce sai na sake fasalin shagon, sabbin kantoci da tayil, na tambayi manajansu a WhatsApp ko gaskiya ne abin da nake ji za su buɗe wani reshe kusa da ni, ya rantse mani babu wannan maganar. Na ci bashi na yi gyaran. Wata ɗaya tsakani sai ga reshe, tafiyar minti biyar a ƙafa daga shagona, kuma an ce na ɗan'uwan ɗaya daga cikin masu kamfanin ne. Yanzu in motar kaya ta zo can take fara saukewa ni sai ragowa, sun ƙara mani kuɗin sari kuma sun hana ni ƙara farashi. Da na yi magana sai suka nuna mani inda na sa hannu, wai kamfani na da ikon buɗe reshe da canza farashi da raba kaya duk yadda ya ga dama. Maigidana ya ce in daina biyansu kasonsu, ƙawata ta ce in fara haɗa nawa yogot ɗin in riƙa zubawa a robarsu. Saura wata takwas yarjejeniyar ta ƙare. Mi zan yi?"

Wa alaikumussalam ƙanwata. Na karanta saƙonki na kuma duba hotunan shafukan da kika turo, wallahi raina ya sosu, don mace ta tsaya da ƙafarta ta tara kastomomi ɗaya bayan ɗaya da kuɗin gadonta, sai da abin ya fara kyau a zo a dasa mata wani a gefe, dole ya yi ciwo. Amma bari in fara da abin da ya fi gaggawa kafin ki yi abin da za ki zo kina cizon yatsa.

Shawarar maigida da ta ƙawarki duka biyun ki ajiye su gefe. Na san maigida zafin abin da aka yi maki ne yake ji, Allah ya saka mashi da alheri, amma ranar da kika daina biyan kaso ranar kika damƙa masu wuƙa da nama. A takardar da kika turo akwai wurin da aka ce in biyanki ya yi jinkiri suna iya soke yarjejeniyar nan take, kin ga daga nan duk abin da suka yi maki ya shige ƙarƙashin tabarma, labari ya koma wance ta ci kuɗin kamfani, kuma a gaban alƙali su ne za su zama masu ƙara ke kina kare kanki. Ta ƙawar taki kuwa ta fi haɗari nesa ba kusa ba. Lambar NAFDAC da ke jikin robar nan ta kayansu ce da wurin da suke haɗa shi, ba ta abin da za ki dama a kicin ɗinki ba, tambarin ma nasu ne, kuma kayan madara ne fa cikin zafin Katsina, in aka yi rashin sa'a yaron wani ya sha cikinsa ya ɓaci ba da kamfani kaɗai za ki yi ba har da hukuma, ga haƙƙin mutanen da suka saya suna zaton na kamfani ne. Ki ci gaba da biya ta banki a kan lokaci, kina adana risit da alat.

Toh yanzu mu zo kan wannan layin da suke ta nuna maki na "duk yadda kamfani ya ga dama". Kusan babu yarjejeniyar faranchayis da za ki buɗe ki rasa irinsa, kuma tsakani da Allah yana da dalilinsa. Kamfani mai rassa da yawa ba zai yiwu ya tsaya neman izinin kowane mai shago ba duk lokacin da madarar gari ko suga ko dizal suka tashi, kuma so yake wanda ya sha yogot ɗinsu a Kano in ya zo Katsina ko Daura ya ji ɗanɗano iri ɗaya a farashi iri ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, babu mai sana'ar da kuɗin kayansa bai hau ba, don haka ƙarin kuɗin sari shi kaɗai ba zan ce maki mugunta ba ne. Abin tambaya shi ne kowa aka ƙara wa ko ke kaɗai, shi ɗan'uwan nasu nawa ake ba shi katan, kuma bayan ƙarin akwai abin da ya rage maki ko wahalar banza kike yi. Ikon da kika ba su da kika sa hannu don wata manufa kika ba su, don a tafiyar da sana'ar ne yadda ku duka za ku ci abinci. In kika kai wa tela leshi kika ce ya yi maki ɗinkin da ya ga zai yi maki kyau, ya yi doguwar riga alhali riga da siket kike so, toh ba ki da bakin magana don ke kika bar mashi zaɓi, amma in ya yanke rabin leshin ya ɗinka wa matarsa ba zai ce ai cewa kika yi ya yi yadda ya ga dama ba.

Kotunan ƙasashen da muka gaji tsarin shari'arsu sun daɗe suna fama da wannan maganar. A Ingila akwai shari'ar Braganza da kamfanin BP Shipping da kotun ƙolinsu ta yanke a 2015, babban injiniyan wani jirgin ruwa na dakon mai ne ya ɓace cikin dare a tsakiyar tekun Atlantika a 2009, kuma takardar aikinsa ta ce in a ganin kamfani shi ya jawo mutuwarsa da gangan to ba za a biya iyalinsa haƙƙin mutuwa ba. Kamfani ya ce a ganinsa kashe kansa ya yi, ya hana matarsa kuɗin. Kotu ta ce eh takarda ta bar maku hukunci, amma wanda aka bar wa hukunci a kan abin da shi ma yake da riba a ciki dole ya yanke shi da gaskiya da hankali, ya duba abin da ya kamata a duba ya bar abin da bai shafi maganar ba, ba son rai ba, kuma matar ta yi nasara. A Kanada ma kotun ƙoli a shari'ar Wastech ta 2021 ta ce ko an rubuta cikakken iko ne, sai an yi amfani da shi daidai da manufar da aka bayar da shi dominta, sai dai ki lura a waccan shari'ar wanda ya kai ƙara shi ya faɗi, don kotu ta ga ɗaya ɓangaren yana da dalilinsa na aiki ko da kuwa hakan ya rage wa mai ƙara riba. Wato raguwar cinikinki kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an nuna ba don sana'a suka yi ba, don fifita nasu ne ko don su ture ki.

Wadda ta fi kama da taki a Amurka aka yi ta. Wani mai suna Scheck yana da reshen kamfanin abinci na Burger King a wani gari a jihar Massachusetts, kamfanin ya yarda aka buɗe wani reshe kimanin mil 2 daga nasa, kuma takardarsa ta faɗa ƙarara ba a ba shi wani yanki nasa shi kaɗai ba. Da ya kai ƙara, a 1991 alƙali ya ce rashin ba shi yanki ba ya nufin kamfani na da damar buɗewa duk inda ya so ko da zai kashe kasuwar mutumin, ya ƙi korar ƙarar. Masu riƙe da rassa irinki suka yi ta murna. Amma a 1999 kotun ɗaukaka ƙara a wata shari'ar ta Burger King da wani Weaver ta ƙi bin wannan ra'ayi, ta ce ba za a kafa ƙara a kan kyakkyawar niyya kawai ba in babu wani sharaɗi rubutacce da aka karya, kuma su kansu kamfanonin suka koma suna rubuta wa kansu damar buɗe reshe a ko'ina da baƙaƙe manya. Na kawo maki wannan ne don kada wani ya ruɗe ki ya ce shari'arki a tafin hannu take.

Mu nan gida lamarin ya fi tsauri. Ostareliya tun 2015 dokar faranchayis ɗinsu ta wajabta wa kowane ɓangare mu'amala da kyakkyawar niyya, Amurka dole kamfani ya ba mutum takardar bayanin komai aƙalla kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya kuɗi, mu kuwa dokar kwantiragi ta kowa da kowa ake bi, ita NOTAP da za ki ji ana ambata aikinta rajistar yarjejeniya ce da kamfanonin ƙasar waje, naku kuma na gida ne. Alƙalanmu abin da aka rubuta suke riƙewa, kullum maganarsu ita ce kotu ba ta sake rubuta wa mutane yarjejeniya, kuma sashe na 128 na dokar shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar baki don a canza abin da ke rubuce sai a wasu 'yan wurare kamar inda aka yi yaudara. Hukuncin Ingila da Kanada lauyanki na iya kawo su don jan hankalin alƙali amma ba dole ne alƙali ya bi ba. Saboda haka in kika je kotu da cewa kawai sun buɗe reshe kusa da ni, alhali kin sa hannu a kan suna da damar hakan, gaskiya ƙafarki ɗaya a rami take.

Ƙarfinki yana cikin wayarki, saƙon manajan nan. Ke kika tambaya da bakinki kafin ki kashe kuɗi, shi kuma ya ce babu, a kan wannan amsar kika ci bashi kika fasa kantoci kika sa tayil, wata ɗaya tsakani aka buɗe. Duk wanda ya taɓa buɗe shago ya san ba a kama haya a yi fenti a ja waya a kawo firiza a ɗauki yara cikin sati huɗu ba tare da an daɗe ana shiri ba. Ikon buɗe reshe daban, yi maki ƙarya don ki zuba kuɗi daban, babu layin da ya ba su izinin na biyun a duk shafukan da na gani. Don haka yau ɗin nan kada ki kwana sai kin ɗauki hoton hirar tun daga sama yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, in da saƙon murya ki tura shi imel ɗinki, wayar kanta kada ki saida ta kada ki ba yara su yi gem, don sashe na 84 na dokar shaida ya yarda da hujjar waya da kwamfuta amma da sharuɗɗa, har da takardar shaidar na'urar da aka ciro ta, lauya zai shirya maki wannan. Sannan cikin hikima ki binciko yaushe aka kama hayar wancan shagon, dillalin da ya nemo shi ya sani, mai fenti ya sani, maƙwabtan shagon sun san ranar da aka fara aiki. In ta tabbata an biya haya kafin ranar da ya rantse maki, magana ta canza. Ki dai sani zargin zamba a kotu nauyinsa babba ne, in abin ya kai ga laifi sai an tabbatar da shi ba tare da kokwanto ba ko da shari'ar ta kuɗi ce, shi ya sa nake son ranaku da takardu ba an ce an ce ba. Har maganar cewa ɗan'uwansu ne ki tabbatar tukuna kafin ki sa ta a rubuce.

Haka maganar mota. Ki samu littafi ki riƙa rubutawa, ranar kaza na yi odar katan kaza aka kawo kaza da ƙarfe kaza, direba ya sa hannu a takardar kaya. Ki ciro cinikin kowane wata na shekarar da ta wuce ki jera shi da na bayan buɗe reshen, musamman na azumi da watannin zafi da ake rububin yogot da fura gab da shan ruwa, don a nan ne asarar za ta fito fili. Firiza uku suna cin wuta babu kaya a ciki, kastoma ya leƙo ya ga wayam ya taka zuwa wancan, gobe ma can zai wuce kai tsaye, wannan asara ce da ake iya lissafawa in an rubuta. Kuma a nan kina da bakin magana sosai, tunda sun hana ki sayen kaya a wurin kowa sai su, suna kuma karɓar kaso duk wata, ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski.

In kin haɗa waɗannan sai ki samu lauya mai aikin kasuwanci ya karanta yarjejeniyar gaba ɗaya, ba shafi huɗun da kika turo mani kaɗai ba, ya rubuta wa shugabannin kamfanin wasiƙa, su da kansu ba manaja ba, don sau da yawa abin da manaja yake yi a ƙasa ba duka ne yake isa sama yadda yake ba. Wasiƙar kada ta zama ta zagi ko barazana. A tambaye su da wane ma'auni suka zaɓi wurin sabon reshen, sun duba abin da zai yi wa cinikinki ko ba su duba ba, da wane tsari ake raba kaya in bai isa ba, farashin sari ɗaya ne ga kowa ko da bambanci, a maƙala hoton hirar da risit ɗin gyara. Wanda ya yi abu da dalili ba ya jin nauyin faɗar dalilinsa, in kuma suka yi shiru ko suka kawo amsar da ba ta zauna ba, ita ma ki adana. Ki ce lauyan ya duba ko akwai sharaɗin sulhu ko na masu shiga tsakani kafin kotu da kuma garin da aka ce za a yi, dokar sulhu ta 2023 ta ƙarfafa irin wannan sharaɗi, in yana nan kika tsallake shi kika shigar da ƙara za su iya sa a dakatar da ita. Akwai kuma zauren sulhu na babbar kotu, ya fi sauƙin kuɗi da lokaci. Kuma tunda mutanen Kano ne Musulmi 'yan'uwa, kada ki raina zuwa da dattijo ɗan kasuwa da suke jin kunyarsa, a zauna a tuna wa juna cewa Allah ya ce a cika alƙawura a farkon Suratul Ma'ida kuma Annabi SAW ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Sau da dama zaman awa biyu irin wannan yana warware abin da kotu za ta shekara tana ɗagawa. Amma duk abin da aka cimma a zaman a rubuta a sa hannu kafin a tashi.

Dan Allah kada ki hau Facebook ko TikTok ki kama sunansu, na san hannu na ƙaiƙayi, amma da dokar laifukan intanet ta 2015 an sha jan mutane a kan abin da suka wallafa, ga ƙarar ɓata suna, ga shi a takardarki ma akwai sharaɗin kare sunan kamfani. Ofishin 'yan sanda ma ba wurin wannan maganar ba ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa kwantiragi kawai, ki riƙe wannan ko da su ne suka yi maki barazana da su.

Abin da za ki nema a zaman ki tafi da shi a shirye. Ni a ganina rufe wancan reshen da wuya su yarda, kada ki ƙare ƙarfinki a nan. Ki nemi su ɗauki wani kaso na kuɗin gyaran da aka sa ki yi, ko a rage maki kason wata-wata na wani lokaci har ki fita daga bashin, a kuma tsaida adadin katan da dole a sauke maki duk zuwan mota. In za ki sabunta bayan wata takwas ɗin nan, toh duk inda aka rubuta yadda kamfani ya ga dama ki nemi a sa mashi awo. A ambaci iyakar yankinki da sunan titi ko tazarar kilomita, in za su buɗe wani a cikin garin ke za a fara yi wa tayi, ƙarin farashi sai da sanarwar kwana 30 a rubuce kuma iri ɗaya ga kowane reshe, a bar maki mafi ƙarancin riba a kan kowace roba, gyaran shago kada ya wuce sau ɗaya cikin shekarun da kuka yarda a kai kuma da iyakar kuɗi, sannan a rubuta ƙarara cewa kowane ɓangare zai yi amfani da ikonsa da gaskiya da dalili mai ma'ana. Abin da kotunanmu ke jinkirin cusawa da kansu, in kuka rubuta shi da hannunku za su tilasta shi.

In suka ƙi ko ɗaya daga ciki, ni dai ba zan ba ki shawarar ki sabunta ba. Hayar shagon da sunanki take, firiza da sola naki ne, kastomomin unguwar fuskarki suka sani. Sai dai tun yanzu ki sa lauya ya duba ko akwai sharaɗin da ya hana ki yin irin wannan sana'ar bayan kun rabu, na tsawon wane lokaci kuma a wane yanki, don kotu ba ta tilasta irin wannan sharaɗi sai in bai wuce hankali ba, kuma sai kin san matsayinsa kafin ki fara maganar rajistar naki sunan a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da neman lambar NAFDAC, ko ki nemi wani kamfanin da zai ba ki kaya. Ki kuma duba kwana nawa aka ce a ba da sanarwa kafin ƙarewar wa'adi, wasu takardun in ba ki rubuta masu kin fasa ba cikin lokacin da aka ɗiba da kanta take sabuntuwa, ki ga an sake ɗaure ki wani wa'adin da tsofaffin sharuɗɗa. Wannan shafin ba ya cikin waɗanda kika turo, ki nemo shi a daren nan ki turo mani tare da shafin ƙarshe mai sa hannu. Allah ya fitar maki da haƙƙinki ya sa albarka a kasuwar, ki gaida maigida da yara.